Kafin addu'ar arba'in an manta: hatsarin bas da dokar da ba ta isa wurin mai mota

Duk wanda ke Maraɗi kuma shina da WhatsApp ya san yadda abin ke farawa. Da hantsi ko bayan azahar sai wani ya turo murya cikin gurup, numfashi sama-sama, "jama'a wa ke da ɗan'uwa cikin bas ɗin da ta taso daga Yamai da asuba, don Allah a kira shi." Kafin minti 10 hotuna sun fara shigowa, bas kwance gefen gudro tayoyi sama, ko gabanta ya shige ƙarƙashin tirela, takalma da jakunkuna warwatse cikin gona, an lulluɓe mutane da zannuwa an jera su a inuwar wata bedi. Sai kowa ya hau kira. Wanda wayar ɗan'uwanshi ta shiga ya yi hamdala, wanda anka ce mishi a kashe take sai ya hau kabu-kabu ya nufi likita ƙafafunshi na rawa.

Abin da ke biyo baya ma duk mun haddace shi. Manya su je duba masu rauni, a yi ta'aziyya a rediyo, a fitar da sanarwa cewa za a yi bincike kuma duk mai laifi zai gamu da hukunci. Sati guda ko biyu hanya ta yi zafi, ana tsaida motoci ana ƙirga fasinja, ana sauke lodi, ana kai wasu furiyar, wurin tsare motocin da anka kama. Daga nan sai abin ya fara sanyi, ya yi ta sanyi, kafin a yi addu'ar arba'in ta waɗanda sunka rasu komai ya koma yadda yake, bas na tashi da direban da bai yi barci ba, a kan tayar da ta gama aiki tun a wata ƙasa. Ni wannan komawar ce ta dame ni fiye da hatsarin kanshi, don hatsari ana yi ko'ina a duniya, amma maimaita iri guda a hanya guda da dalili guda, wannan kam akwai abin da ke riƙe da shi.

Kuma kar wani ya ce doka ce babu. Nijar tana da dokar hanya da anka sabunta a 2014, akwai hukumar ANISER da aikinta ke nan kiyaye haɗurran hanya, akwai bizit da dole mota ta je a duba lafiyarta, akwai asirans, wato inshora, na dole, farmin ɗaukar fasinja da yawa ma daban yake da na ƙaramar mota, an ƙayyade gudu, an ƙayyade yawan mutanen da mota za ta ɗauka, yana nan rubuce cikin kartigiris, takardar rajistar mota. Takarda dai wallahi ba mu rasa ba. Abin da na lura shi ne dokar nan duk sanda ta tashi kama wani, a kan direba take tsayawa. Shi ake tsaidawa a shinge, shi ake ci tara, in an yi hatsari shi ake rufewa, in kuma ya mutu cikin hatsarin to shi ke nan magana ta mutu da shi. Wanda ya sayi tayar, wanda ya tsara lokacin tashi da na isa, wanda ya ce mishi ya juya yau-yau ya koma, shi ba ya cikin hoton ko kaɗan.

Mu fara da hanyar kanta. Hanya lamba 1, wadda ake kira hanyar haɗin kai, daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita 660 ne ko kusa da haka, ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Tibiri, in ka wuce mu kuma Agye, Gazawa, Tasawa har Damagaram wajen kilomita 240. Gudro guda ne, mai zuwa da mai dawowa, babu abin da ya raba su sai layin fenti, wani wurin ma fentin ya goge. A kan wannan siririyar hanya ake son bas mai mutum 70 ta bi, da tankin mai da ke tasowa daga matatar SORAZ, da tirelar albasa, da Hiace, da motar 'yan kasuwa da mutane ke zaune saman buhuna, da amalanken shanu da ba shi da ko fitila guda, da garken awaki, da yaro da anka aika ya tsallaka ya sayo magi. Hanyar kuma ta tsakiyar garuruwa take ratsawa, ranar kasuwa masu tebur har bakin kwalta suke. Da dare ga babbar mota ta lalace an bar ta a kan hanya, alamar da anka sa ita ce rassan itace guda 3. Duk direban da ya kwana biyu a wannan layin zai gaya maka ba ramuka ne sunka fi ba shi tsoro ba, don rami shina sa kowa ya rage gudu, inda anka gyara gudro ya yi sumul nan ne ake mutuwa.

Lissafin gudu kuma ba ya buƙatar zuwa jami'a. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda, a 120 kuma mita 33. Tsakanin ido ya ga jaki da ƙafa ta kai kan birki an ci daƙiƙa guda ko fiye, ka ga an riga an wuce tsawon bas biyu ba a ma taɓa birkin ba. Sannan in ka ninka gudu biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi, ga nauyin mutane ga kaya a ƙasa ga wani lokacin babur da firiji a sama. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu shina ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4, ita ce kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma Afirka da ta fi kowa ƙarancin motoci ita ta fi kowa yawan mutuwa in an auna da yawan jama'a.

To me ke sa direba gudu, shi ba ya son ranshi ne? Ga abin da na gani da idona. Wata tafiya na dawo daga Yamai, kujerata na bayan direba daidai, an ce mu zo tasha ƙarfe 3 da rabi na dare, mun tashi kafin kiran sallah. Dattijo ne, ya kai sa'an mahaifina. Bayan mun wuce Madawa rana ta take, na ga kanshi shina yin ƙasa a hankali sai ya zabura, ya sake yin ƙasa ya zabura, motar ta ɗan ci layin tsakiya ta dawo. Na taɓa kafaɗarshi na ce "Baba, ko za a ɗan tsaya ka wanke ido?" Bai yi fushi ba. Ya jefa goro a baki ya ce "ɗana, jiya ƙarfe 9 na dare na shigo Yamai da wagga mota, kafin a sauke kaya a duba inji 11 ta wuce, cikinta na kwana. In na tsaya yanzu na makara, gobe wani za a ba makulli." Ya ce mataimakin da ya kamata su yi canji an tura shi wata motar. Daga nan har Gidan Rumji hira na yi ta ja mishi, labarin damina, labarin farashin hatsi, duk abin da ya zo bakina, don dai kar ya yi shiru. Mutum 60 da wani abu a bayana, yawancinsu barci suke, ba su san abin da ake ciki ba.

Gyangyaɗin daƙiƙa 3 a gudun kilomita 100 ya fi mita 80 mota na tafiya ba kowa a sitiyari. Shi ya sa a ƙasashen Turai doka ta ce direban bas ba ya wuce awa 4 da rabi bai huta minti 45 ba, kuma a yini awa 9 ne ƙa'ida, akwai na'ura cikin motar da ke rubuta komai, in an saɓa ba direba kaɗai ba har kamfanin ake kamawa. Mu nan abin da ke maye gurbin barci shi ne shayi mai kauri, Nescafé, goro, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, tramol. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba, a ƙarshen watan Mayun 2025 'yan wasan Kano fiye da 20 sunka rasu lokacin da bas ɗinsu ta faɗa daga gada a hanyar Zariya zuwa Kano, suna dawowa daga Ogun bayan tafiyar dare, sun kusa gida, kuma abin da hukumar kiyaye haɗurra ta can ta fara ambata shi ne gajiya da gudu.

Yanzu a zo wurin mai mota, don nan ne zancen yake. Ba na cewa mugu ne, ɗan kasuwa ne, lissafi yake. Bas ta ci miliyoyi, wani bashin banki ne, gazuwal da tsada, kayan gyara da tsada, ga kamfanoni da yawa a layi guda kowa na jan fasinja, kuɗin tikiti kuma in ka ƙara jika guda mutane sun koma wurin maƙwabcinka. To ta ina zai rage? Motar da ta kwana a tsaye asara ce, don haka dole ta juya. Direba biyu albashi biyu ne, sai a bar guda. Sabuwar taya ta babbar bas kuɗi ne masu yawa kuma ba guda ake saye ba, ga ta gwanjo nan da anka ciro daga wata motar a Turai a kan rabin kuɗi ko ƙasa, wata ma an sake yanka mata zane da wuƙa don ta yi kamar sabuwa. A jikin kowace taya akwai lamba 4 da ke nuna sati da shekarar da anka yi ta, in ka ga 2315 to sati na 23 ne na 2015, roba kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ka ɗauki irin wannan taya ka ɗora mata lodi fiye da ƙima, ka sa ta a gudro cikin watan Afrilu ko Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ka yi ta gudu awa 9, in ta gaba ce ta fashe babu gwanintar da za ta riƙe motar. A sanarwa sai a rubuta "fashewar taya" kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama, alhali wani ne ya zauna a ofis ya zaɓi wannan tayar saboda ta fi araha.

Duk wannan ragin da yake yi riba ce a hannu yau. Hatsari kuma wataƙila ne, in ma ya zo, asirans ta ɗauki wani abu, direba ya ɗauki laifi, iyalai su yafe, a ja motar a kai gareji ko a sayo wata, washegari tikiti na saiduwa. Muddin sakaci ya fi kiyayewa araha to sakacin za a yi, ko da mai motar mutumin kirki ne mai gina masallatai, don in shi bai yi ba abokin gasarshi zai yi ya karya mishi farashi.

A yi adalci dai, manyan kamfanonin nan sun kawo sauƙi ba kaɗan ba. Waɗanda sunka yi tafiyar Yamai a da sun san wahalar, a cusa ku cikin mota sai ta cika take tashi, a kwana a hanya. Yanzu akwai lokacin tashi, kowa da kujerarshi, ana rubuta suna, wasu kamfanonin na sa direba biyu kuma suna sayen taya sabuwa. Kuma in ana maganar ganganci tsantsa ba ma a wurinsu ya fi yawa ba, je ka ga Hiace ɗin da ke zuwa Dakwaro ko Mayahi ko Ɗan Isa, mai kujera 18 ko 19 an zuba mata 25 ban da yara a cinya, karen mota na lilo a ƙofa, ko motocin 'yan kasuwa ranar Litinin da Juma'a da ake cin kasuwar Maraɗi, mutane a saman kaya kamar tsuntsaye a reshe. Su in sun kife ko labari ba ya wuce ƙauyen. Amma bas babba ita ce in ta faɗi ake kwasar gawa da yawa lokaci guda, kuma ita ce ta fi sauƙin sa wa ido don an san mai ita, an san ofishinta, an san ƙarfe nawa take tashi.

Sai maganar shingaye. Tsakanin Maraɗi da Yamai sau nawa ake tsaida mota? Ba sa ƙirguwa da hannu guda. Amma me ake dubawa? Katin ɗan ƙasa na fasinja, saboda halin tsaro, wannan ba wanda zai ƙi. Sai takardun mota, karen mota ya sauka da gudu da jakar takardu ya je ya dawo. Ban taɓa ganin an tsugunna an karanta shekarar taya ba, ban taɓa ganin an tambayi direba ƙarfe nawa ya kwanta jiya ba, kuma ko an so a tambaya da me za a tabbatar? Ma'aikacin da ke tsaye cikin rana ba shi da na'urar auna gudu, ba shi da sikelin lodi, ba shi da abin gwada ko mutum ya sha wani abu, abin da ke gabanshi takarda ce, ita kuma takarda tana iya zama daidai mota na ruɓe. Bizit ɗin ma kowa ya ji labarin aron taya, a ɗaura masu kyau a je a wuce a dawo a maida wa mai su. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗi, na goro da ake dunƙulawa cikin takardu, har UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, sai da ta kafa sashe na musamman mai bin diddigin yawan shingaye da kuɗin da ake karɓa ba rasit a manyan hanyoyin yankin. Ba duka ma'aikata ba, akwai masu tsoron Allah da ba a isa a miƙa musu ba. Amma inda abin ya zama al'ada, laifi ya daina zama abin hanawa ya koma abin saye, lodi fiye da ƙima shina da farashinshi, an riga an sa shi cikin kuɗin tafiya kamar kuɗin peyaji. In an ce an tsananta bayan hatsari, sau da yawa farashin ne kawai ya hau na sati biyu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Dubi Senegal. Ranar 8 ga Janairun 2023, cikin dare, bas biyu sunka yi karo a Sikilo kusa da Kafrin, su ma a kan hanyarsu lamba 1, taya ce ta fashe wa guda ta bar hannunta, mutum 40 nan take. Shugabansu na lokacin Macky Sall ya sa makokin kwana 3, cikin kwana biyu gwamnati ta fito da matakai fiye da 20, an hana bas tafiya daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, an hana shigo da tayar gwanjo, an ce a sa wa motoci abin da zai hana su wuce kilomita 90, an ce a cire wurin ɗora kaya a saman mota. Kwana 8 bayan haka wani hatsarin ya ci wajen mutum 20 a Sakal. Masu motoci kuma sunka ce ba su yarda ba, sunka tafi yajin aiki, gwamnati ta sassauta maganar kayan saman mota. Cikin 2024 an sake kwasar gawarwaki a haɗurran bas a ƙasar. Matakan ba su da laifi, kowane guda daidai yake, amma an yanke su cikin zafin kuka, ba a tanadi wanda zai duba ba, ba a tanadi kayan dubawa ba, ba a yi lissafin abin da za a yi ranar da sandika, ƙungiyar masu motoci, ta ajiye makulli ba.

Kenya ta nuna ɗaya fuskar. A 2004 ministan sufurinsu John Michuki ya ce kowace motar haya sai da na'urar hana wuce kilomita 80, sai da bel a kowace kujera, mutum guda kujera guda. Masu motoci sunka janye motocinsu, mutane sunka yi ta tafiya a ƙasa kwanaki, shi kuma ya ƙi ja da baya har sunka bi, haɗurra sunka ragu a fili. Da anka maida shi wata ma'aikatar a shekarar da ta biyo sai abin ya fara saki, ana cire wayar na'urar, ana maida lodi. Ka ga abin shina yiwuwa ke nan, amma in a wuyan mutum guda ya rataya, ranar da ya tashi da shi yake tafiya.

Mu namu ma akwai ƙarin nauyi. Ba mu da jirgin ƙasa da ke aiki, na Kano zuwa Maraɗi da anka aza tubalinshi a 2021 shi ma Najeriya ya nufa ba Yamai ba, jirgin sama kuma na masu hali ne. In bas ta tsaya kwana 2 ƙasa ta tsaya, ɗalibi ba ya komawa jami'a, maras lafiya ba ya zuwa ganin likita, ɗan kasuwa kayanshi na lalacewa. Masu motocin sun san haka, hukuma ma ta sani. Sannan masu manyan kamfanoni ba baƙi ba ne, attajirai ne da ake zama da su, suna ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, suna taimako in an shiga wani hali. Ƙaramin ma'aikacin da ya riƙe bas a tasha don taya ba ta yi mishi ba ya san kafin awa guda waya za ta shigo daga sama, ga fasinja 70 sun kewaye shi suna zagi don ya ɓata musu lokaci. Wa zai tsaya mishi?

Don mu fasinja ma da namu. Mu ne ke yabon kamfani da cewa "su kam kafin la'asar sun shigo", mu ne ke ce wa direba mai natsuwa "malam amalanke muka hau ne?", bel na nan a kujera an ɗaure shi ta baya ba mai taɓawa, in wata uwa ta ce a rage gudu sai a ce Hajiya tsoro gare ki. Ba na ɗora laifin a kanmu, wanda ya biya kuɗinshi ba aikinshi ba ne duba birki, amma kamfani abin da muke yabo shi yake sayarwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan hatsarin. Waɗanda ke fara isa mutanen ƙauye ne, Allah ya saka musu, da gatari da hannu suke ɓanɓare ƙarfe, a ɗora mai karayar baya a bayan duk motar da ta tsaya, kafin 'yan kwana-kwana su iso daga gari mai nisa wanda zai rayu ya zubar da jini ya cika. Sai binciken da anka yi alkawari. Wa ya taɓa karanta sakamakonshi? A ce ga shekarun tayar, ga awowin da direban ya yi a sati, ga ranar da anka yi bizit da wanda ya sa hannu, ga hukuncin da anka yi wa kamfani. In ba a fito da wannan ba babu darasin da wani zai ɗauka, kuma ba mai jin kunya.

Sai haƙƙin mamata. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora ta CIMA, yarjejeniyar da anka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma ƙarƙashinta fasinjan da ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu suna da haƙƙin diyya daga asirans ɗin motar, ba alfarma ba ce, cikin kuɗin tikitinka ka riga ka biya. Amma mutum nawa sunka sani? Ana buƙatar takardar konsta ta jandarma, takardar likita, takardar mutuwa, takardar gado, a yi ta zirga-zirga, matar da aka bari da marayu 6 a wani ƙauyen Gidan Rumji ina za ta fara? Sai wakilin kamfani ya zo gaisuwa da buhun shinkafa da 'yan jikkuna cikin ambulan, dattawan gida su ce "mun yafe, kwana ne ya ƙare, ba mu cin kuɗin gawa." Na san da kyakkyawar zuciya ake faɗi, kuma ni ma na yi imani da ƙaddara, ba wanda zai wuce ranarshi. Amma addinin nan da ya koya muna ƙaddara shi ne ya ajiye diyya a kisan kuskure, tana nan cikin Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Yafewa haƙƙin magada ne, har da marayun da ba a tambaye su ba, ba na kawun da ya fi kowa murya a zaure ba. Kuma duk diyyar da ba a nema ba, saƙo ne ga kamfanin asirans da mai mota cewa ran fasinja ba ya cikin lissafi. Da a ce kowane hatsari sai an biya cikakke, da kamfanin asirans da kanshi zai aiko mai duba taya kafin ya sa hannu. Ina roƙon malamanmu su taɓa wannan a huɗuba, don maganarsu ta fi ta kowane minista shiga.

Ni in da za a ji tawa, a rage wahalar da ake a tsakiyar daji a dawo tasha. Manyan bas ɗin da ke tashi daga Maraɗi ba ɓoyayyu ba ne, tashoshinsu ƙidayayyu ne, lokacin tashinsu sananne ne, yawanci da asuba. Ma'aikaci 2 da tocila a kowace tasha kafin a buɗe ƙofa, su karanta shekarar taya, su ga direba biyu da idonsu in tafiyar ta Yamai ce, su duba littafin da ke nuna yaushe kowannensu ya sauka daga mota jiya, su sa hannu da sunansu don in abu ya faru a san wanda ya ce motar ta tashi. Gudu kuma ba sai an sayi radar an ɓoye bayan itace ba, a rubuta lokacin da bas ta bar Maraɗi da lokacin da ta isa Ƙonni, in ta cinye wannan kilomita wajen 240 cikin awa 2 ai ba sai an yi gardama ba, kuma da yawa daga kamfanonin nan suna da GPS a motocinsu don tsaron gazuwal, bayanin na nan a kwamfutarsu, a ce su miƙa shi duk wata. Tarar kuma a rubuta ta da sunan kamfani, a biya a baitulmali da rasit, in ta taru a dakatar da layin na wasu kwanaki a kuma faɗi sunan a rediyo. Direban da ya ce ba zai tashi ba don bai yi barci ba a hana korarshi, wannan aikin sandikar direbobi ne tun kafin na gwamnati.

Zai sa tikiti ya ƙaru, na sani, direba na biyu da sabuwar taya ba kyauta ba ne, wataƙila jika guda ko biyu a tafiyar Yamai, kuma a halin da ake ciki jika guda ba wasa ba ce ga talaka. Amma sai an ɗora wa kowane kamfani rana guda, babba da ƙarami, na ɗan wane da na wanda ba kowa ba, in ba haka ba mai bin doka shi zai fara rufewa. Dattijon nan da na ba ku labari na sake ganinshi bayan watanni a tasha, zaune kan benci da kofin shayi wajen ƙarfe 4 na asuba, na gaishe shi na ce "Baba, yau an samu barci?" Ya ce awa 3, ya miƙe ya tafi tada mota.